Filin Tambaya da Amsa: Golanmu ya tafi, yaya za mu zaɓi wani?

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan karon daga Zariya suke, kuma kusan duk maganar mai tsaron gida suke yi. Masu horar da gola da ke amsa tambayoyin wannan fili sun zaɓi bakwai daga ciki. Mun taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne shugaban wata ƙungiyar matasa a Tudun Wada. Golan da ya tsare mana raga shekara huɗu ya samu kulob a Kano, ga shi saura mako shida a fara gasa. Mun yi cigiya, yara goma sha ɗaya sun ce za su zo gwaji. Kocinmu ya ce a jera su a yi ta buga musu fenariti, wanda ya fi turewa shi za a ɗauka. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Mene ne shawararku? (Shugaban ƙungiya, Tudun Wada)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gara da hankalinka bai kwanta ba. Ba raina koci muke yi ba, amma a cikin duk ma'aunan da ake auna gola da su, fenariti ne ya fi rauni. Daga ɗigon fenariti zuwa layin raga mita 11 ne kacal, kuma idan aka buga da ƙarfi ƙwallon kan isa kafin rabin daƙiƙa ya cika. Shi ya sa ko a manyan gasannin duniya kusan uku cikin kowane huɗu shiga suke yi. Yaro zai iya cankar ɓangare daidai sau uku a jere ranar gwaji, ku ɗauke shi, ku wayi gari da gola mai aman ƙwallo. Fenariti nawa ake bayarwa a kanku a kaka guda? Amma kuros da kwana da ƙwallon da ɗan baya ke mayarwa gida, babu wasan da za a tashi ba a yi su da yawa ba.

Kafin yaran su zo, ku zauna kai da koci da kyaftin ku tuno ƙwallayen da aka ci ku a kakar da ta wuce, ɗaya bayan ɗaya, a rubuta ta inda kowacce ta shiga. Idan 'yan bayanku gajeru ne kuma da ka ake yawan cin ku, to mai fitowa ya ɗauke ƙwallon sama kuke buƙata. Idan kuwa kuna tura 'yan baya har kusa da tsakiyar fili don kama satar gida, sai mai gudu, wanda zai fito wajen sha takwas ya share ƙwallo da ƙafa kafin ɗan gaba ya iso. Ɓarakar da ke bayanku ita za ta faɗa muku irin golan da ya dace da ku.

Sai a ɗauki tef a auna ragar da za a yi gwajin a cikinta. Faɗinta mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44. Da yawa daga ragogin filayen unguwa mai walda ne ya ƙera su da ido, wata ta gaza da taƙi biyu ko uku, kuma yaron da ya saba da ƙaramar raga yakan ɓace idan ya shiga cikakkiya. A tanadi ƙwallo lamba 5 aƙalla takwas, iskarsu ɗaya. A yi gwajin bayan la'asar, lokacin da aka saba buga wasanninku, don ku ga yadda kowa zai yi idan rana ta karkata tana dukan idonsa. Kuma kwana uku za a ɗauka, ba yamma ɗaya ba.

Rana ta farko ta hannu ce da sawu. Mutum ɗaya mai saiti ya tsaya kamar mita 12, ya ba kowane yaro ƙwallo 20: biyar a fuska, biyar a ƙirji, biyar a cibiya, biyar a ƙasa. Duk a jikinsa za a buga, babu wadda za ta sa shi tashi sama. A ƙwallon fuska, manyan yatsunsa biyu su kusa haɗuwa a bayan ƙwallo, sauran yatsu a buɗe, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe don ta shanye ƙarfin bugun. A ta ƙasa, jikinsa ya kasance a bayan hannuwansa, kada ya bar kafa tsakanin ƙafafu. Ku kasa kunne ma. Ƙwallon da yatsu suka karɓa ƙararta a dushe take fita. Idan kuka ji fas kamar an tafa, da tafin hannu ya tare ta, kuma irinta ce ke dawowa gaban ɗan gaba. Wanda ya saki fiye da uku cikin ashirin ɗin nan, a yi masa godiya. Daga nan a sa shi ya taka a gicciye daga turke zuwa turke ba tare da ya harɗe ƙafa ba, da zarar mai bugu ya ɗaga ƙafa shi kuma ya tsaya cak, nauyinsa a gaban tafin ƙafa, hannuwa a gaba daidai ƙugu. Golan da aka buga wa ƙwallo yana cikin tafiya, ko ta gefen takalminsa ta bi ba zai faɗi a kan lokaci ba. A ƙarshen ranar ku rage su zuwa biyar.

Rana ta biyu ita ce mai rarrabewa. A fara da kuros goma daga dama, goma daga hagu, biyar na farko shi kaɗai, sauran kuma da 'yan gaba biyu da 'yan baya biyu a cikin sha takwas. Ana so ya yi ihu tun ƙwallon tana sama, ya ce “Tawa!” ko “Fitar!”, ya tashi da ƙafa ɗaya, ɗaya gwiwar a ɗage tana kare cikinsa, ya kama ta a ƙololuwar tsallensa. Idan cunkoso ya yi yawa ya naushe ta da dunƙule biyu zuwa gefe, ba tsakiya ba. Wanda ya tsaya a layi bai fito ba, ana iya zama da shi. Wanda ya fito ya kama, madalla. Wanda za ku guda shi ne mai fitowa rabi ya tsaya: ya bar raga a buɗe, bai kuma kai ga ƙwallo ba. Sannan ɗan baya ya mayar masa da ƙwallo sau goma, rabi a ƙafarsa mara ƙarfi, ɗan gaba yana tahowa a guje. Tun 1992 doka ta hana gola ɗaukar ƙwallon da abokin wasansa ya bugo masa da ƙafa da gangan, saboda haka golan da ƙafarsa ke rawa, kowane mayarwa gida tashin hankali ne. A rufe da gaba-da-gaba sau shida: ku duba ko yana matsowa lokacin da ƙwallon ta yi nisa da ƙafar ɗan gaba, ko yana saurin kwanciya tun ba a buga ba.

Rana ta uku wasa ne sosai, minti 30 ga kowane ɗaya cikin ukun da kuka zaɓa bayan rana ta biyu, tare da 'yan bayanku na gaske. Mutum ɗaya ya tsaya bayan raga, aikinsa sauraro kawai: yana kiran sunayen 'yan baya? Yana jera katanga da sauri? Bayan an ci shi, zagi yake yi ko gyara? Wani kuma ya ɗauki bidiyo da waya daga nan bayan ragar, domin daga gefen fili ba a ganin kuskuren tsayuwa. A nan za mu ja kunnenka a kan abu ɗaya, Alhaji. 'Yan kallo za su yi tafi ga wanda ya tashi sama kamar shirwa ya ture ƙwallo da yatsu. Sau da yawa abin da ya sa ya tashi shi ne tun farko bai tsaya inda ya kamata ba. Wanda ya taka sawu biyu ya rungume ta a ƙirji babu wanda zai tafa masa, amma a bidiyo za ka ga shi ne ya karanci wasan.

Mutum uku su ba da maki daga 1 zuwa 5 a kowane gwaji, kowa a takardarsa, kada su haɗa baki sai an gama. Kuma ku ɗauki biyu. Rauni ko jan kati ba ya sallama.

Tambaya: Mutum biyu suka rage mana. Ɗaya dogo ne, ya kai mita 1.90, amma yana da nauyin jiki. Ɗayan mita 1.78, kamar kyanwa yake. 'Yan kwamiti duk sun karkata ga dogon. (Ɗalibi mai rubuta wa ƙungiya, Samaru)

Amsa: Malam, tsayi yana da amfani, ba za mu yaudare ka ba, musamman a ƙwallon kwana. Sai dai ba da kai ake kama ƙwallo ba, don haka ku auna inda hannu ke kaiwa. Kowa ya shafa alli a yatsa, ya tsaya jikin bango ya miƙa hannu ya sa alama, sannan ya yi tsalle daga tsaye ya sake sa wata, sau uku, a ɗauki mafi tsawo. Sandar sama mita 2.44 take. Gajeren naku idan yana iya ɗora wuyan hannunsa a samanta da tsalle daga tsaye, tsayinsa ya isa. Ku auna faɗin hannuwansu ma a buɗe, daga yatsa zuwa yatsa, domin akwai gajere mai dogayen hannuwa. Shi kuma dogon, ku gwada shi a inda dogaye ke shan wahala: ƙwallo mai ƙarfi a ƙasa, taku ɗaya daga ƙafarsa, hagu da dama, sau goma. Idan sai ya yi tsalle sama kafin ya sauko ƙasa, za a riƙa cinsa ta ƙarƙashin hammata.

Vincent Enyeama kimanin mita 1.80 ne. Da wannan tsayin ya ci kofin zakarun Afirka da Enyimba a 2003 da 2004, ya ci kofin ƙasashen Afirka da Super Eagles a 2013, ya buga wa Najeriya wasa 101, kuma a 2013 ya yi minti 1,062 a gasar Faransa yana tsare wa Lille raga ba a ci shi ba. Sawu da tsayuwa da saurin yanke shawara ne suka cike masa gurbin tsayin. Ba ka faɗi shekarunsu ba, kuma abin yana da muhimmanci: idan gajeren ɗan 16 ne, mai yiwuwa bai gama tsawo ba. Da mu ne, idan ya tsallake gwajin bango da na kuros, shi za mu sa a raga, dogon ya zama na biyu ana gyara masa sawu.

Tambaya: Ni koci ne. Golana na biyu ɗan shekara 18 ne, a atisaye yana burge kowa, amma a wasa ana yawan cinsa ta turken da ke kusa da shi. Shugabanni sun ce a nemo wani daga waje. In yarda? (Koci, Sabon Gari)

Amsa: Koci, kada ka yi saurin yarda. Cin turken kusa ciwon tsayuwa ne, kuma yana cikin abubuwan da suka fi saurin gyaruwa. A atisaye yawanci daga tsakiya ake bubbuga masa, shi kuma yana tsakiyar raga, komai daidai. A wasa ƙwallon daga gefe take zuwa, shi kuwa idonsa na kanta, ya manta inda turakunsa suke.

Nemi igiya mai tsawon mita 40, ka ɗaure baki ɗaya a turken dama, ɗaya bakin a na hagu. Ɗan wasa ya ja ta har ta miƙe ta ɓangare biyu, ya ajiye ƙwallo a inda ta yi tsini. Duk bugun da zai shiga raga dole ya bi ta tsakanin igiyoyin nan biyu. Ka sa yaron ya tsaya a tsakiyarsu, sannan ya riƙa matsowa gaba har sai ya zama idan ya faɗi dama hannunsa ya taɓa igiya, idan ya faɗi hagu ma haka. Yawanci mita biyu zuwa huɗu ne daga layi idan ƙwallon tana bakin sha takwas. Sai a zagaya da ƙwallon gefe, shi ma ya bi ta. Idan ta koma can gefe sosai, ya tsaya ɗan gaba da turken kusa, yadda in ya miƙa hannu zai rufe tsakaninsa da shi, kuma duk abin da ya ture ya fita waje maimakon ya faɗa raga. Minti 15 a kowane atisaye, sau uku a mako. Bayan mako biyu a cire igiyar, ya koyi gane wurinsa da ɗigon fenariti da kusurwoyin yadi shida. Ka hana shi jan layi da takalmi a tsakiyar gidansa, domin yin alama a fili ba da izini ba laifin katin gargaɗi ne.

Ka ba shi wasan sada zumunci uku cikakku kafin a yanke hukunci. Abin da zai sa mu ce a nemo wani shi ne tsoro: idan yana kau da fuska ko runtse ido in an buga da ƙarfi daga kusa, ko yana jin tsoron shiga ƙafar ɗan gaba. Wannan ma ana rage shi, amma ba cikin ɗan lokaci ba.

Tambaya: Mun ga wani gola a wata ƙungiya, ya yi mana. Wani mutum da ya ce shi ne ejan ɗinsa ya ce mu ba shi kuɗi a hannu, gobe yaron ya fara atisaye da mu. Waɗanne takardu ya kamata mu nema? (Sakataren ƙungiya, Gyallesu)

Amsa: Malam Sakatare, kada sisi ya fita tukuna. Da ƙungiyar da yaron yake ciki ake fara magana, kuma a rubuce. Idan ba shi da kwantiragin albashi, abin da kuke buƙata shi ne takardar sallama daga ƙungiyar, da sa hannun shugaba ko sakatare da hatimi, sannan ku yi masa rajista a hukumar da ke shirya gasar kafin a rufe. Ƙungiyoyi da yawa sun ci wasa a fili an ƙwace musu maki a ofis saboda sun sa ɗan wasan da sunansa ke wani wuri. Idan yana da kwantiragi, ƙa'idar FIFA ita ce ba zai sa hannu da wata ƙungiya ba sai kwantiragin ya ƙare ko saura wata shida ya ƙare, in ba haka ba sai ƙungiyoyin biyu sun daidaita. Ku tambaye shi inda ya buga a bana, domin ɗan wasa yana iya rajista da ƙungiya uku a kaka ɗaya amma biyu kawai zai buga wa wasan gasa. Shi kuma ejan, ku nemi ganin lasisinsa da takardar da yaron ya sa hannu cewa shi ke wakiltarsa. Kowane kuɗi ya bi ta banki, a karɓi rasit.

Shekaru kuma a haɗa shaida fiye da ɗaya: takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, lambar NIN, da takardar gama firamare. Idan suka saɓa wa juna, a tsaya a bincika. Wanda bai kai 18 ba dole mahaifi ko waliyyi ya sa hannu, kuma kwantiraginsa ba zai wuce shekara uku ba. A rubuta alawus, da wanda zai sayi safar hannu, da wanda zai biya asibiti in ya ji rauni, da kason da za ku samu idan aka sayar da shi gaba.

Ku adana kwafin rajistar kowace shekara. Idan wata rana aka sayar da shi daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23, amma sai wanda sunansa ke cikin tarihin rajistarsa. Kada ka ga kamar abin ya yi nisa. Stanley Nwabali daga Katsina United ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu a 2022, a Fabrairun 2024 kuma shi ne ya ture wa Najeriya fenariti biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka.

Abu na ƙarshe, wanda aka fi tsallakewa: gwajin lafiya. A kai shi babban asibiti, kamar asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, a auna hawan jini, a yi gwajin zuciya na ECG, a duba rukunin jininsa na sikila, a gwada idonsa ɗaya bayan ɗaya, a duba kafaɗa da gwiwa da yatsu. A tambaye shi ko ya taɓa suma a fili, ko a danginsu akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a yana matashi. Ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji a fili ya faɗi a Legas a 1989 bai tashi ba, Chineme Martins na Nasarawa United ma haka a Lafiya a 2020.

Tambaya: Ni ke kula da kayan ƙungiya. Safar hannun gola ba ta yi mana wata biyu ta kwaɓe. Sabon da za mu ɗauka kuma ban san lambar da zan saya masa ba. (Mai kula da kaya, Kofar Doka)

Amsa: Ɗan'uwa, filin ne ke cinye ta. Tafin safar roba ce mai laushi, kuma iya laushinta iya riƙonta, iya kuma saurin cinyewarta. An yi mai tsadar don ciyawa, mu kuwa yawancin filayenmu jar ƙasa ce da tsakuwa. Ka sayi biyu: mai tauri mai araha don atisaye, mai laushi don ranar wasa kaɗai. Idan ta wasa ta tsufa ta koma ta atisaye. Ka lura da yadda golan ke tashi bayan ya faɗi. Idan da tafin hannu yake dafa ƙasa, shi ke kankare ta. Ya koyi dafawa da dunƙule.

Bayan kowane wasa a wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi, a matse da hannu a hankali, ba murɗawa, ba buroshi, ba garin sabulun wanki. A shanya a inuwa. Rana da zafin kwano suna busar da robar ta tsage. Kada a ajiye tafi manne da tafi, kuma kada a ɗaure ta jiƙe a leda. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura da bushewar iska kan sa ta yi santsi, don haka a ɗan jiƙa tafin kafin wasa, a ajiye gorar ruwa a gefen raga. Da damina, musamman a Agusta, tawul za a ajiye, kuma gola ya rage kamawa ya ƙara turewa gefe idan ƙwallon ta jiƙe.

Lamba kuwa, ari tef ɗin tela, ka zagaya tafin hannunsa a inda ya fi faɗi, ban da babban yatsa, ka karanta a inci. Ka cike zuwa lamba ta gaba, ka ƙara ɗaya. Inci bakwai da rabi ya zama 8, a ƙara ɗaya, lamba 9 ke nan. Ka auna hannu biyun ka bi mafi girma. A wannan ƙasa tamu mai tauri ka haɗa masa da dogon wando mai soso a ƙugu da riga mai soso a gwiwar hannu. Rigar kuma launinta ya bambanta da na ƙungiyoyin biyu da na alƙalan wasa, don haka kala biyu za ka tanada.

Tambaya: Ni gola ne, ina shirin zuwa gwaji. Na ji an canza dokar riƙe ƙwallo. Gaskiya ne? (Matashi, Hanwa)

Amsa: Gaskiya ne, ƙanenmu. A da daƙiƙa shida ne, hukuncinsa bugun tazara wanda ba a ci kai tsaye, kuma alƙalai ba su cika hura shi ba. Daga Yulin 2025 ya koma daƙiƙa takwas, idan ka wuce a ba abokan hamayya kwana. Alƙali zai ɗaga hannu ya ƙirga biyar na ƙarshe da yatsu kana gani. Saboda haka kafin ƙwallon ta shigo hannunka ka riga ka san wanda za ka ba. A fenariti kuma, lokacin da aka buga, dole wani sashe na ƙafarka ɗaya ya kasance a kan layi, ko daidai da shi, ko a bayansa. A bugun gida, tun 2019 ɗan bayanka yana iya karɓa a cikin sha takwas. Ka je gwajin da wuri, ka tambayi sunayen 'yan bayan da za a haɗa ka da su, ka riƙa kiransu da suna.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 15 ne. Ƙwallo ta bugi kan yatsansa, yanzu gaɓar ƙarshe ta lanƙwasa ƙasa, ba ya iya miƙe ta da kansa. Abokansa sun ce a ja masa kawai. Ga shi ranar Asabar ƙungiyar da yake so za ta gwada gololi. (Uwa, Wusasa)

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kada a bari kowa ya ja yatsan nan. Yadda kika bayyana, alama ce ta cewa jijiyar da ke miƙe kan yatsa ta tsinke ko ta ɓalle da ɗan guntun ƙashi, kuma a yaro mai shekarunsa ƙashin bai gama haɗewa ba, ja yana iya ƙara ɓarna. A kai shi asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu a ɗauki hoton ƙashi. Yawanci ana ɗaure gaɓar ƙarshen a miƙe da ɗan karan ɗori na roba ko ƙarfe, dare da rana, mako shida zuwa takwas. Sharaɗin shi ne kada ta lanƙwasa ko sau ɗaya. Idan za a cire don wanka ko alwala, a ɗora yatsan a miƙe a kan tebur, domin in ya faɗi ƙasa ƙirgen ya koma farko. Idan aka yi sakaci, kan yatsan haka zai zauna a sunkuye. Ki tambaye shi ko wuyan hannunsa na ciwo a ɗan ramin da ke gindin babban yatsa. In yana yi a faɗa wa likita, domin akwai ƙaramin ƙashi a wurin da karayarsa ba ta cika fitowa a hoton farko ba, sai an sake ɗauka bayan kwana goma zuwa mako biyu.

Gwajin Asabar ya haƙura da shi. Mahaifinsa ko yayansa ya raka shi wurin kocin, a nuna masa yatsan, a roƙi a duba shi idan ya warke. Kafin nan ya samu bango ya riƙa buga ƙwallo da ƙafarsa mara ƙarfi, sau 50 da safe, sau 50 da yamma, yana tarewa da ɗaya yana bugawa da ɗaya.